Baƙon da Muka Kusa Hana Fito

Duk tsufan nan nawa ban manta da ranar da muka tsare wani bawan Allah a mashigin nan na Kogin Haɗeja ba. Tun kafin Turawa su iso ƙasar nan ne, a ƙarshen damina, gero ya sunkuyar da kai, ruwan da ke gangarowa daga wajen Kano ya cika kogi har ya malala fadama.

Ku da kuka tashi kuka tarar da kwalekwale, ai hutu kuke yi, ba aiki ba. Mu da goruna muke fito. Manyan goruna biyu ake ɗaurewa a jikin sanda guda, baƙo ya kwanta a tsakiya ya rungume, kayansa a cikin masaki, ɗan fito kuma yana baya yana iyo yana turawa. Shugabanmu shi ne Sarkin Fito, a lokacin Baba Bukar ne, shi ma yana ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Gora ba ta taɓa ruwa sai da izininsa.

Muna da wata ƙa'ida da muka gada. Idan kogi ya kawo, kafin baƙo ya hau sai an tambaye shi a gaban jama'a ko akwai gaba tsakaninsa da wani a tsallake. In ya ce akwai, to, babu fito sai an aika ɗan fito ya je ya sasanta su, ko kuma baƙon ya jira ruwa ya janye ya taka da ƙafarsa. Iyayenmu sun ce mai gaba nauyi gare shi, gora ba ta ɗaukarsa. Ni dai ban taɓa auna nauyin kowa ba, amma na san ainihin dalilin: ba ma so a ce mu muka kai wa mutum ajalinsa har ƙofar ɗaki.

Da hantsi mutumin ya iso, ƙafafunsa duk sun faffashe da tafiya. Dogo ne, furfura ta fara masa, Hausarsa ta ɗan karkace irin ta wanda ya daɗe a kudu, amma tsagar fuskarsa tamu ce sak. Ya gaida Baba Bukar, ya ce sunansa Ɗanladi, ƙauyen da ke tsallake zai je wurin wansa Gambo.

Muka dubi juna. Kowa ya san Gambo, kowa kuma ya san ƙaninsa Ɗanladi ruwa ya cinye shi tun yana yaro. Haka aka faɗa mana.

"Ruwa bai ci ni ba, Baba," in ji shi. "Mahara ne suka rutsa da mu muna kamun kifi a fadama. Yaya Gambo ya fizge hannunsa daga nawa, ya nutse cikin ciyawa, aka tafi da ni. An sayar da ni daga hannu zuwa hannu har Lokoja. A can na sami 'yanci."

Nan take muka gane abin da ya dami Gambo duk rayuwarsa. Mutum ne da ba ya shiga sahu, kullum a bayan masallaci yake rakuɓewa, ba wanda ya san dalili. A lokacin kuwa yana kwance, jiki ya kumbura, ya ƙi abinci, yana cewa shi ƙasa ma ba za ta karɓe shi ba. Labarin ciwon nan ne Ɗanladi ya ji a bakin wasu fataken kanwa, ya baro komai ya taho.

Baba Bukar ya yi masa tambayar ƙa'ida. Ɗanladi ya ce, "Ya yi mini laifi, ba zan ɓoye ba. Amma na yafe tuntuni. Sauri nake, Baba, kada ya tafi ban gaya masa abin da na zo da shi ba."

"Abin da ka zo da shi?" in ji Baba Bukar. "Ɗana, na ga masu irin wannan saurin. A kwance masa kaya."

Ni na kwance ƙunshin. Gaskiya wuƙa nake nema, don a zuciyata na riga na yanke masa hukunci: wa zai sha bauta shekara da shekaru, ya tako daga Lokoja, a ce gaisuwa ta kawo shi? Ban sami komai ba sai riga sabuwa, da ɗan goro a ganye, da guzurin da ya kusa ƙarewa. Duk da haka Baba Bukar ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, wanda aka zalunta haka ba a gaskata bakinsa shi kaɗai. Ya ce ni in tsallaka in kai wa Gambo yafiyar. In ya karɓa, a fitar da baƙo. In bai karɓa ba, baƙo ya jira ruwa ya janye.

Na faɗa ruwa. Na isa gidan, matar Gambo, Iya Fanta, ta shigar da ni. Na durƙusa na ce, "Baba Gambo, Ɗanladi yana raye, yana mashigi. Ya ce in gaya maka ya yafe."

Na zaci zai yi murna. Sai ya rufe ido, hawaye na bin gefen kunnensa. "Ka ce masa ya zo da wuƙa, ya fi mini sauƙi," in ji shi. "Shi ya yafe, to, uwarmu fa? Ni na ce mata ruwa ya ci shi. Ta mutu tana tsine wa kogi saboda ƙaryata. Wa zai je ya tambayo ta? Allah kuma da wane ido zan dube shi?" Ya juya ya ba ni baya. Iya Fanta ta raka ni waje, ta ce malamai sun zo sun yi masa nasiha cewa rahamar Allah yalwa gare ta, shi kuwa ya ce wannan ta wasu ce ba tasa ba. Ta ce ko kunu ba ya haɗiya.

Na komo mashigi, na faɗi abin da na ji ban rage ba. Baba Bukar ya girgiza kai, ya ce yafiya ba ta karɓu ba, ke nan gaba tana nan.

Ɗanladi ya durƙusa a gabansa. "Baba, ka saurare ni. Ɗan aikenka ya ce Yaya ya zage ni? Ya ce yana ƙina? Gabar da ta rage ba tawa ba ce. Yaya yana ganin tsakaninsa da Ubangijinsa ne ta tsaya, kuma labarin sulhun nan na ɗauko. Ni ma na yi shekaru ina fushi da Allah, ina cewa ina yake ranar da aka ɗaure ni. A Lokoja na zama mai bin Isa Almasihu. A can na ji cewa Allah bai tsaya jiran mu gyara tsakaninmu da shi ba, shi ya fara tahowa. Almasihu ya ɗauki laifinmu a kansa, ya mutu, ya tashi, sulhu ya ƙullu. Wannan magana ba ta aike ba ce, Baba. Sai ya ji ta a bakin wanda ya saki hannunsa."

Baba Bukar Musulmi ne mai riƙo, ni ma haka, maganar kuma baƙuwa ce a kunnenmu. Baba ya shafa gemu. Can ya ce, "Addininka kai ka sani. Amma ƙa'idarmu ta mutum da mutum ce. Tsakanin bawa da Ubangijinsa, ba a naɗa ni in tsare mashigi ba." Ya dube ni ya ce in ɗauko goruna.

Ban taɓa tura mutum mai surutun Ɗanladi ba. Kowa in ya kai tsakiya, inda ruwa ke murɗawa, shiru yake yi yana salati a ciki. Shi kuwa sai ya waiwayo, ruwa na dukan haɓarsa, ya fara gaya mini cewa sulhun nan har da ni a ciki. Na ce, "Malam, don Allah ka rungumi gora, ka bari mu fita tukuna!" Ya ce, "In muka kife ba ka ji ba fa?" Dariya ta kama ni har na sha ruwa.

Da muka shiga ɗakin, Gambo ya ja mayafi ya rufe fuska. Ɗanladi ya zauna a bakin tabarma, ya yaye mayafin a hankali, ya ce, "Yaya, ni ne." Suka yi kuka har Iya Fanta ta fice. Ni na tsaya a bakin ƙofa, don umarnin Baba Bukar shi ne kada in kau da ido.

Gambo ya sake maganar uwarsu. Ɗanladi ya ce, "Yaya, ba zan ce ba ka yi laifi ba. Ka yi, babba ma. Inna tana hannun Allah, ni da kai ba mu iya kaiwa gare ta. Amma laifin nan da ka goya tun kana saurayi, akwai wanda ya ɗauke shi. Ba don ka cancanta ba, ni ma ban cancanta ba. Ka daina ɓoye wa Allah fuska, shi yake nemanka." Ya yi ta maimaita masa ba gajiya, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Gambo yana tambaya, yana musu, yana sake tambaya. Wajen la'asar na ji ya ce, "Har da ni?" Ɗanladi ya ce har da shi. Gambo ya ja wani dogon numfashi, sannan ya ɗaga murya da ƙyar ya ce, "Fanta, akwai sauran kunun nan?"

Wani sanyi ya sauko mini a zuciya wanda ban taɓa ji a aikin fito ba. Abin da Gambo ya riƙe a ransa daga ƙarshe, shi da Mahaliccinsa suka sani. Ni abin da idona ya gani shi ne mutumin da ke tsoron ambaton Allah ya koma ambatonsa yana murmushi.

To, ga abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa. Ƙa'ida tana da kyau, ta tsare rayuka, ban ce ku yar da ita ba. Amma mu 'yan fito mun saba ganin mugun sauri har mun manta akwai mai saurin alheri, kuma shi ba ya iya jira, don wanda yake kai wa saƙon ba shi da tabbacin gobe. In kun tambayi baƙo ko yana da gaba, ku ƙara da tambayar abin da yake kaiwa, ku kuma saurari amsar da kyau. Da mun bar Ɗanladi ya jira ruwa ya janye, da kabari ya je ya gaya wa. Ranar da aka fara taka kogin nan da ƙafa a shekarar, mun riga mun binne Gambo.