Tatsuniya da Rana a Nakkasa

A shekarata ta uku a jami'a, sashen Turanci, aka ɗora mana wani tsohon littafi, ƙagaggen labari a kan wasu Nasara masu zafin addini da suka ƙetare teku suka kafa garinsu. A cikinsu akwai wata mace da mijinta ya yi nisa, sai ga ta da goyo. Aka tsayar da ita a bainar jama'a, aka sa ta ɗaura jar alama a ƙirjin rigarta, aka tambaye ta uban yarinyar, ta yi gum. Abin da za a faɗa da numfashi ɗaya ke nan, amma marubucin, Allah ya hore masa tsawon zance, ya shimfiɗa shi da kalmomin da ko jikokinsa sai sun buɗe ƙamus.

Daktorar da ke koyar da mu abu biyu take so. Na farko kalmomi: kowane mako sai mun haddace tulin tsofaffin kalmomi, kusan dukansu na kunya da horo da zunubi. Na biyu abin da take kira ramzi, wato wani abu a cikin labari ya tsaya a madadin wani abu. A wurinta ja ba ja ba ne kawai, daji ba daji ba ne, ko rana ta ƙi haska matar sai ta tambaye ki dalili.

Ni a Makka aka haife ni, a nan aka haifi babana, da Larabci nake mafarki. Amma na lura in na juya kalmar Turanci zuwa Larabci, kafin gari ya waye ta suɓuce kamar jiƙaƙƙen sabulu. In kuwa na samo mata Hausa sai ta zauna daram, wataƙila don da Hausa aka yi mini faɗa tun ina ƙarama. Matsalar ita ce Hausata ta kicin ce, ba ta wuce miƙo, ajiye, wa ya taɓa. Saboda haka bayan la'asar nakan ɗauki littafin in hau saman gida wurin kakata.

Gidanmu yana can ƙololuwar dutsen Nakkasa, inda mota ba ta kaiwa, sai matakala da jarkokin ruwa. Sitti muke ce wa kakar tamu, irin na 'yan Makka. Ba ta taɓa son sunan ba, tana dai amsawa. Tana yarinya aka zo da ita daga Katsina ta hanyar Sudan, ta tsufa a gindin Harami, amma Larabcinta bai wuce na salla da ciniki ba. Takan zauna a inuwar tankin ruwa tana yanka kuɓewar shanya, ta dube ni ta ce, "To Baturiya, yau kuma me aka rasa sunansa?" Sai in kwatanta mata kalma, ita ta ba ni Hausarta. A nan na koyi cewa fallasa daban, tozarci daban, terere daban, tonon silili kuma shi ne ubansu. Na kwatanta mata dandamalin katakon da ake tsayar da mai laifi a kai don a kalle shi. Ta yi tunani ta ce mu ba mu da sunan wannan, don ba mu taɓa bukatar katako ba. Na yi dariya, na ci gaba da haddata.

Kalma ba ta zuwa ita kaɗai, sai ta jawo labarin da ta fito daga ciki. Kaɗan-kaɗan na ba Sitti labarin matar, babi bayan babi, ina rage murya a wuraren da ba su dace da bakin budurwa ba. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne rana tana sama. Sitti ba ta yin tatsuniya da rana, tana cewa mai yinta ɓata yake a hanya. Kuma tatsuniya tana da ƙofarta, sai an ce ga ta nan an amsa kafin a shiga. Abin da aka faɗa da tsakar rana, da Hausa, da murya ƙasa-ƙasa, babu ƙofa, wannan a wurinta labari ne, labari kuwa yana da mai shi.

A ɗakin ƙasa na gidanmu akwai 'yar haya, wata mata 'yar Damagaram mai tuyar waina. Mijinta magini ne, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, aka kama shi a hanyar aiki aka mayar da shi gida. Ta haihu bayan tafiyarsa, kuma duk mai yatsu ya san watannin sun ɗan zarce. Amma matan unguwa suka ce kwantacce ne, cikin ya kwanta saboda tashin hankali sannan ya tashi, abin da aka sani tun kaka da kakanni. Sitti da kanta ta yi mata wankan jego. Aka yi suna, aka ci tuwo, aka rufe zance. Gaskiya ce ko rufin asiri, ban sani ba, har yau ban sani ba, kuma a lokacin babu wanda ya nemi sani. Da wainar nan take biyan haya, take ciyar da yarinyar, wadda ta fara tafiya tana bin bango. Ita ma takardunta ba su da ƙwari, ba ta sauka dutsen sai dole. In dutsen ya juya mata baya, babu inda za ta sa kanta a Makka.

Ranar da na yi wa Sitti bayanin ramzi, ina cikin jin daɗin kaina, yadda sabon ilimi yake sa mutum surutu. Na ce mata a irin waɗannan littattafai ana faɗin abu ne ana nufin wani abu. Ta ajiye wuƙa.

"Au, habaici ke nan."

Na ce ba habaici ba ne, fasaha ce. Ta ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Na ce mutumin da ya rubuta ya mutu tun kafin a haifi kakanta.

"Ba shi nake nufi ba," in ji ta. "Ke da kika ɗauko kika kawo mini."

Sannan ta juya ta kalli bakin matakalar da ke sauka zuwa ɗakin ƙasa, inda ƙamshin mai yake tasowa. A lissafinta abin a fili yake. Yarinya mai tarbiyya ba za ta buɗe baki ta faɗa wa kakarta irin wannan magana kai tsaye ba, sai ta lulluɓe ta. Miji ya yi nisa, an haifi mace, uwa ta yi shiru. Na rantse, ta ce ai ba ta ce na yi ƙarya ba. Ta ma yaba mini da kunya.

Sitti ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Amma tana da aminiya a gidan da ke kallon namu, kuma suna shan shayi tare. Abin da ta ce mata, kamar yadda ya dawo kunnena daga baya, shi ne yarinyar nan mai karatu ta ga wani abu. Babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya nuna yatsa. Layin safe a bakin kaskon waina ne ya fara gajarta. Yaran da ake aikowa da kwanuka aka koma tura su gangare sayen ful, dafaffen waken Larabawa, da gurasa, alhali iyayensu kullum suna kukan ful yana kumbura musu ciki. Gaisuwa ta koma ta tsaye. Matan da ke sunkutar yarinyar su cilla ta sama, yanzu sai su riƙe haɓarta, su juya fuskarta wajen haske, su duba kunnuwa da goshi, su sake ta. Kalmar kwantacce ta ɓace daga bakin kowa.

Ni kuwa karatu bai tsaya ba. Ina cikin bas ɗin makaranta na kai wurin da ya bayyana ko wane ne uban yarinyar a littafin: mai wa'azin garin, wanda kowa ke gani kamar waliyyi. Na rufe littafin. Masallaci ɗaya ne a layinmu, limaminsa mutum mai iyali, kuma kowa ya taɓa ganinsa ya ɗauko wa mai waina tukunyar gas daga gindin dutse, kamar yadda yake ɗauko wa kowace mace da ba ta da namiji a gida. Na san abin da jimla ɗaya za ta yi masa.

Na daina hawa sama. Sitti ta aiko kirana, na ce jarrabawa. Ta tare ni a kicin ta tambaye ni ko matar ta faɗi sunan, na ce ban kai wurin ba. Ta kalle ni ta ce, "Kin sani." Shiruna ya fi maganata ɓarna, don yanzu an tabbata akwai suna, kuma yana bakina. Matan unguwa suka shiga yi mini kirkin da ke tayar da tsigar jiki. Wannan ta aiko mini da dambu, waccan ta tsayar da ni a matakala ta gyara mini mayafi, ta tambaye ni ya karatu, ta ja kalmar tana kallon cikin idona.

Na kai ƙara wurin babana. Ya ce zancen mata ne, in bar shi ya mutu da kansa. Bai mutu ba. Sai na ɗauki littafin na tafi da shi wata walimar sauka inda matan layin suka taru, na tsaya a tsakiyarsu, na ce ga shi, ƙage ne, wani Bature ne ya zauna ya ƙirƙira, babu matar, babu yarinyar. Aminiyar Sitti ta goge hannunta kafin ta karɓa, don littafi ba a taɓa shi da maiƙo. Ta juya shi, ta auna nauyinsa, ta ce wa zai ɓata wannan takarda da tawada a kan ƙarya, kuma wace makaranta ce a garin Manzo za ta tara 'ya'yan mutane ta koya musu abin da bai faru ba. Wata daga baya ta ce to ko ƙagen ne, me ya sa na ba da shi da rana. Aka miƙo mini littafina da hannu biyu, aka ce Allah ya ƙara basira. Ban taɓa jin haushin mutanen da nake ƙauna kamar ranar ba, kuma haushin bai gama fita ba.

Na ci jarrabawar. Daktora ta yaba amsata a kan yadda gari yake hukunta mutum da ido, ta tambaye ni a wane sharhi na karanta. Na ce mata a gida.

Aikin hajji ya matso. Kowace shekara matan layinmu kan haɗa ƙungiya su tafi Arfa girkin alhazai, kuma mai waina ce ke riƙe musu kasko, abin da take samu a nan shi ke kai ta rabin shekara. A wannan karon aka ce mata an cika. Bayan haka Sitti ta sauka da kanta, ta zauna a bakin ƙofarta, ta ce mata 'yan uwa za su zo daga Katsina, ana bukatar ɗakin. Ta faɗa a hankali, har da ba ta haƙuri. Babu wasu 'yan uwa da ke tafe, kuma dukansu biyu sun sani.

Ana gobe mai waina za ta tashi, na hau sama kwashe shanya, sai na tarar da ita tana kwance igiyarta daga jikin tanki, yarinyar tana riƙe da gefen zanenta. Tun farkon abin ba mu haɗa ido ba. Na shirya jin komai, zagi ko kuka ko rantsuwa. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ƙanwata, an ce littafi ne."

"Littafi ne, Yaya. Wallahi littafi ne."

"Na yarda." Ta ci gaba da naɗe igiyar a gwiwar hannu. "Ba uwar nake tambaya ba, ita ta riga ta ga nata. Yarinyar. Da ta girma, ta sami miji?"

Na ce eh, alamu sun nuna ta yi aure, ta zauna cikin rufin asiri. Na faɗa da sauri, ina murna na sami abu ɗaya mai daɗi da zan ba ta.

"A garin?"

Na ce a'a. A wata ƙasa, inda ba a san su ba.

Ta gyaɗa kai, ta dubi yarinyar, ta ɗauke ta ta saɓa a kafaɗa. Ta ce in gaida Hajiya, wato Sitti, ta gode da zama.

Mun ɗauka a unguwar Hindawiyya za ta nemi ɗaki, don tana da 'yan garinsu a can. Da safe ta sauka dutsen da goyo da jaka ɗaya, ta bar kaskon a bakin ƙofa. Daga baya muka ji ba Hindawiyya ta nufa ba, wurin masu kame ta kai kanta, ta ce takardunta sun mutu, a fitar da ita. Matan layin suka ce haka ya fi, ta koma ɗakin mijinta, Allah ya rufa asiri.

Bayan watanni, muna cin abincin rana, wayar babana ta yi ƙara. Maginin ne daga Damagaram. Ya gaishe shi, ya gaida Hajiya, ya ce ya daɗe bai ji muryar iyalinsa ba, ko za a taimaka a miƙa mata wayar a ɗakin ƙasa.