Dagaɗ Ɗin Kawu Sale

Kawu Sale ya yaudare ni shekara shida, kuma ya rasu bai ba ni haƙuri ba. Na faɗa yana da rai, yau ma na faɗa.

Ku da kuka zauna da shi a unguwar Harra ta Gabas kun san al'adarsa ta Juma'a. Kawun maigidana ne, tsohon kuku a jirgin ruwa, can ya koyo naman gishiri da kabeji. Naman ƙirjin saniya zai sayo, ya jiƙa a ruwan gishiri kwana goma, ana saukowa daga Harami ya zuba a tukunyarsa mai huci, wadda a nan ake kira gidir dagaɗ da Larabci. Wannan tukunya ta girme ni. Abin da ke sakin tururinta ya ɓata tun a teku, sai ya cusa ƙusa a ramin.

In ta fara kuka, ba na zama a ɗakin. Sai in kwashe yara mu tsaya a matakala ina ta salati.

"Amarya, dawo!" Da 'ya'yana biyar bai daina ce mini amarya ba. "Ba ta taɓa kashe kowa ba."

"Kawu, da mu za ta fara?"

Wata Juma'a tukunyar ta yi bindiga. Ƙusar ta wuce ta gefen kunnen 'yata Samira ta kafe a ƙofa. Na zube ƙasa. Shi kuwa ya ɗaga kai yana kallon kabeji manne a silin, ya ce, "Kash! Bai ma nuna ba."

Bayan nan jiri ya fara ɗibarsa, na raka shi asibiti. Lokacin ban san ko alif ba, Larabcina na cefane ne. Likita ya ɗaura masa abu a hannu, ya zare ido, ya yi ta faɗa. Kalma ɗaya na kama: dagaɗ. A hanya na ce, "Me ya ce?"

"Wai dagaɗ zai kashe ni."

"To ka ji! Har likita ya san da tukunyar nan!"

Muna isowa na kinkime ta, na kai saman soro na ɓoye bayan tankin ruwa. Mutumin da zai yi gardama da kai a kan sunan ubanka, ko musu bai yi mini ba. Sai ma ya sa mini albarka. "Kin ceci raina, Amarya. Miƙo mini gishiri." Ya koma dafawa a tukunyata, ni da hannuna nake yanka masa kabejin, ina jin daɗi na kuɓutar da tsoho.

Ina da shekara arba'in da uku na shiga makarantar manya. Ran nan na kai Samira asibiti, ina haɗa baƙaƙen wata takarda a bango don in gwada kaina. Dagaɗ. Ga hoton zuciya a gefe, ga cokalin gishiri an ja masa jan layi. Hawan jini! Ashe shi likita yake nufi, ba tukunya ba.

Ina komawa gida, ko abaya ban cire ba na tsaya a kan Kawu.

"Kawu, ka sani?"

"Na sani mana."

"Ka bar ni na ɓoye tukunya?"

"Da na gaya miki, ai gishirin za ki ɓoye."

Na zubar da ruwan gishirin a gabansa, yana kirana azzaluma. Amma na makara. Wata huɗu bayan nan ɓarin jikinsa ya shanye, bai kai azumi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya yafe mini kabejin da na yanka masa. Ya sa makwancinsa ya fi masa teburin Juma'a daɗi.

Ranar uku da rasuwar na ga Baban Samira yana barbaɗa gishiri a shinkafa, yana dafe ƙeya kamar yadda kawunsa ya riƙa yi. Washegari na ɗauke makullin shagonsa na sa a jakata, na tasa shi gaba zuwa asibiti. Da likita ya rubuta sakamako, ni na karɓi takardar na karanta da kaina.