Ba a Jira Yaya Ba

Ni da Yayana gardama ce ta raine mu. Tun muna yara a gidanmu na Limawa ba mu taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba, daga wanda zai ɗebo ruwa har wanda ya fi iya ƙwallo. Da ya samu aikin gwajin jini a wani asibiti a Ingila ya tafi, ni kuma na zauna a nan Minna ina koyarwa a sakandare, sai gardamar tamu ta samu sabon abinci: tsakanin can da nan, ina ya fi.

Yawanci shi ke kayar da ni, ba zan ɓoye ba. Idan ya kira aka ɗauke wuta muna cikin magana, sai ya bushe da dariya ya ce, "Malam, ku da dam ɗin Shiroro mai ba da wutar lantarki yake bayan gidanku, har yanzu da fitilar waya kuke cin tuwo?" Sai ya shiga lissafo mini kayan daɗi. Famfo ɗaya ruwan zafi, ɗaya na sanyi. 'Ya'yansa suna makarantar gwamnati, kowane yaro da kujerarsa, ni kuwa ajina wasu a kan taga suke zama. Idan mutum ya faɗi a titi, motar asibiti ce za ta zo ta ɗauke shi, ba wanda zai tsaya tambayar ɗan wane ne. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don na san ba ƙarya yake yi ba, kuma na san a makaranta bai fi ni ƙoƙari ba.

Ni makamaina kaɗan ne, amma ina ji da su. Doyar Paiko, wadda idan aka dafa take farfashewa tun a tukunya. Nonon da Fulani ke kawowa da hantsi, da sauran sanyinsa a ƙwarya. Mangwaron da ake ci har a gaji a bar wa awaki. Idan ya zo hutu, da robobin ruwansa yake sauka, yana kaffa-kaffa da cikinsa, amma kafin mako ya zagayo za ka tarar da shi a gindin randar Inna da moɗa a hannu. Ranar nan nake ramawa, in bi shi har ɗaki da tsiya.

Babanmu maƙerin akwatunan ƙarfe ne, irin waɗanda 'yan makarantar kwana ke tafiya da su. Mahaifinsa aikin layin dogo ne ya kawo shi daga Kano, ya zauna, ya hayayyafa. Shagon Baba a jikin zauren gidanmu yake, kuma nan muke baje kolin gardamarmu bayan la'asar idan Yaya ya zo. Baba yana buga guduma yana saurare, ba ya shigar wa kowa. In mun yi zafi sai ya ɗago ya ce, "Kai mai Ingila, miƙo mini almakashin can. Kai mai Minna, riƙe mini nan." Sai mu koma yaran shago, Inna ta aiko da soyayyar doya da yaji, maƙwabta su zo su sa baki. Har yau idan na wuce inda ake buga kwano da guduma, sai na rage tafiya. Ina kewar yammacin nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Da hawan jini ya kama Baba, Yaya ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya ɗauke shi zuwa can a duba shi. Baba ya ƙi. Ya ce likitan can bai san shi ba, kuma idan ya tafi wa zai buɗe shago? Sai Yaya ya koma aiko da magani, ya haɗa da na'urar gwada jini ta ɗaurawa a hannu. Ba a daɗe ba na'urar ta zama ta unguwa. Kowane tsoho a layinmu sai ya biyo ta shago da safe an ɗaura masa, Baba yana karanta musu sakamako kamar shi ya ƙera ta. Shi kansa kuwa sai na tsaya a kansa yake yarda a gwada shi.

Cikin tsananin zafi ya rasu, wata safiya. Ya dawo daga masallaci, ya ce wa Inna ta dama masa koko, ya kishingiɗa a tabarma. Kafin ta kawo, ya cika. Ina gidana a Dutsen Kura ina shirin tafiya makaranta aka kira ni, na fito na tari keke napep ko hula ban ɗauka ba.

Da na isa Limawa na tarar unguwa ta riga ni fara aiki. An jera bencina a ƙofar gida. Samari sun ɗauki diga da shebur sun tafi maƙabarta. Telan da ke kallon shagon Baba ya ture ɗinkin da ke gabansa yana haɗa likkafani. Mata sun ɗora ruwa. Ba wanda ya ba wani umarni, kowa ya san inda zai kama. Haka ake yi a wurinmu: wanda ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Na shiga lungu na kira Yaya. Sai na ji kukansa, abin da rabona da ji tun muna yara. Da ya samu kansa sai ya ce, "Kada ku binne shi. Yanzu zan nemi jirgi, gobe ina Abuja. Ku kai shi mutuware a ajiye. Ina so in ga fuskarsa."

Na ce, "Yaya, an tafi haƙa kabari."

Ya ce, "A bar shi a haƙe. Kwana ɗaya kawai nake roƙo. A nan mutum yakan yi kwanaki a ajiye ba abin da ya same shi. Ni ne babba, Malam. Ka yi mini wannan."

Na so in yi masa, wallahi na so. Na je na samu Baffa, ƙanin Baba, wanda shi ne babba a gidan yanzu, na durƙusa na faɗa masa. Baffa ya dube ni ya ce gaggauta mamaci haƙƙinsa ne a kanmu, kuma shi bai taɓa ganin an ajiye wani a zuriyarmu ba. Wani tsoho Banufe, abokin Baba tun suna samari, yana zaune kusa da shi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, ka gaya ma yayanka ya yi hankuri. Mutum ya riga ya tafi, rana kuma tana zafi. Kar ku wahalar da abokina."

Duk da haka ban yanke ba, sai da na shiga wurin Inna. Tana zaune a ƙasa, mata sun kewaye ta. Na sunkuya na gaya mata abin da ɗanta na fari yake roƙo. Kowa ya san yadda take ji da shi. Duk da haka ta ce, "Ubanku ko asibiti bai yarda ya kwana ba yana da rai. Ba zan sa a kai shi cikin firji tsakanin mutanen da bai sani ba. Ka ce masa ni na ce."

Na sake kiran Yaya. Bai karɓa da sauƙi ba. Ya ce mun yi masa taron dangi, ya ce don ba ya nan ne muka mayar da shi bare. Ni ma zuciya ta ɗebe ni, na ce masa wutar da yake yi mini dariya da ita kullum, ita ce yake so ta riƙe gawar Baba cikin wannan zafi? Daga baya ya ce to a kunna masa bidiyo ya gan shi ko sau ɗaya. Baffa ya ce an riga an shiga wanka, ba a ɗaukar hoton mamaci a wannan hali, kuma da an gama za a rufe. Abin da na iya yi masa kawai shi ne na bar kiran a buɗe, na sa wayar a aljihun gaban rigata.

Da wayar a ƙirjina na tsaya a sahun gaba. Ya ji kabbarorin liman, ya ji takun jama'a da aka ɗauki makara, mutane suna karɓe ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa har maƙabarta. Ban taɓa sanin Baba ya san mutane haka ba. Ga Gwarawa da suka saba sayen akwati a wurinsa, ga Yarabawan kasuwa, ga waɗanda ya koya wa sana'a sun zo da nasu yaran. A bakin kabari Baffa ya ce ɗan mamaci ya shiga ya karɓi gawar ta wajen kai. Wurin Yaya ne wannan, kowa ya sani. Na cire takalmi na shiga.

Yaya ya iso washegari da yamma, hanyar Suleja ta gama jigata shi. Ya tarar da zaure cike da masu zaman makoki. Aka yi ta ba shi hannu ana yi masa gaisuwa, wasu har da tambayarsa ya sanyin can. Ya shiga wurin Inna ya daɗe. Da safe na raka shi maƙabarta na nuna masa tudun ƙasar, ya tsuguna ya yi addu'a, ni kuma na ja baya na ba shi wuri. A hanyar dawowa ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Da a can ne, da na same shi." Ina da amsa a bakina, amma na haɗiye ta.

Ya koma bayan an share makoki. Muka ci gaba da waya, sai dai gaisuwa ce kawai da tambayar jikin Inna. Idan aka ɗauke wuta muna magana, sai ya ce to sai an jima. Ni ma ban ƙara yi masa gorin doya ba. Ashe gardamar nan ita ce zumuncinmu, ban gane ba sai da ta tsaya. Na yi ta jira ya tsokane ni, bai yi ba.

Damina ta wuce, wata Asabar da yamma ya kira ni ina wanke babur. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce a masallacin da suke salla an nemi masu taimakawa wajen wankan gawa, don a can ba unguwa ce ke yi ba, sai wanda ya ba da kansa, shi kuma ya ba da sunansa tun bayan dawowarsa. Ya ce yau aka fara kiransa. Wani tsoho ne daga wata ƙasa ta Afirka, ya zo jinya ya rasu. Takardu sun riƙe gawar kwana da kwanaki, lokacin da zai ishi kowa ya zo daga ko'ina. Ɗan tsohon yana can ƙasarsu, ya yi ta zarya neman biza, ba a ba shi ba.

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ya ce, "Amin. Mu kaɗan ne a wurin, Malam, ko sahu ɗaya ba mu cika ba. Da aka zo sa shi a kabari, sai aka ce wani ya karɓi wajen kai. Na shiga."

Na ajiye tsumman da ke hannuna na zauna a kan dakali. Ina jin numfashinsa a waya, ga ƙarar motocin can suna wucewa a bayansa.

Ya ce tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan, har abin ya ba shi mamaki. Sai ya tambaye ni ko Baba ma haka yake.

Na ce masa haka yake.