Mako Biyu Babu Gishiri a Gidan Talatu

Talatu mai waina ta fi shekara goma tana suya a Tudun Wada, kuma kowa ya san daɗin miyarta. Wata rana tana yi wa 'yarta Juwairiyya kitso, sai ta taɓa wani ɗan kumburi mai tauri a wuyan yarinyar. Ta zaci maƙoƙo ne. A asibitin Shika aka ce ciwon daji ne, amma irin mai jin magani.

Aka yi mata aiki a wuya lafiya, sai dai muryarta ta dishe. Kafin a shiga magani na biyu, likita ya hana Juwairiyya gishirin kanti har mako biyu, saboda sinadarin aidin da ke cikinsa. Talatu ta ce ba za a ɗora tukunya biyu a gidanta ba, kowa ya ci lami.

Malam Salisu, maigidan, ya kai loma ya yamutsa fuska. "Juwai, wannan ai azumi ne."

Yarinyar ta amsa da disasshiyar murya, "Baba, ladan naka ne."

Yanzu ta koma makaranta, tana shan ƙwayar maganinta kowace safiya. Muryarta ta dawo, har malamai na kawo ƙarar surutunta. Talatu takan ba su haƙuri, tana ɓoye murmushi.