Gwaggo Tabawa da giyar da ba a san mai dafa ta ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, kuma bana ce shekarar farko da na tuna ta ba tare da gabana ya faɗi ba. Gwaggo mai dafa burukutu ce a wani ƙauyen Maguzawa da ke kudancin Katsina. Na san wani mai karatu zai yamutsa fuska tun daga nan. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mahaifina ya musulunta tun yana saurayi, ita ta zauna a kan abin da ta taras, lamarinta yana wurin Allah. Ni giya haramun ce a wurina, ban taɓa kai ta baki ba. Amma matar nan ta goye ni, ba zan yi kamar ban san ta ba.

Giyarta ta ranar kasuwa ce da ranar gayya. Ta jiƙa dawa, ta bar ta ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, hayaƙi yana cin idonta. In ta nuna sai a zauna ƙarƙashin ɗorawa da rana tsaka, kowa yana ganin kowa. Ba wanda ke sa baki sai ita ta fara kurɓa daga kowace tukunya a gaban jama'a. In ta ga harshen mutum ya fara nauyi sai ta karɓe ƙwaryar, ko dattijo ne, ta ce, "Tashi, matarka ta gama tuwo." Burukutu kuma ba ta ajiyuwa, in ta kwana biyu ta yi tsami, sai a zubar. Ban ce abin kirki ba ne, na ga gidajen da ya rusa. Sai dai a lokacin mashayi ba shi da wurin ɓuya.

Tana raye kwalba ta shigo. Samari suka ce burukutu ta tsofaffi ce, warin dusa take, su sai mai sanyi. Ɗanta Nomau, taubashina, yana cikin na gaba-gaba. Nakan tsokane shi in ce ɗan mai tukunya ya koma bawan kwalba, shi kuma ya ce da ni ustazun da ke cin tuwon kuɗin giya. Duk muna dariya, ita ba ta yi. Daga baya aka kawo 'yar leda, mai zafin nan da ke shiga aljihu, har cikin hula ana sa ta. Ba zama, ba hira, mutum ya juya baya ya tsotse ya jefar. Gwaggo ta taɓa tsintar ledar a bayan ɗakin Nomau, ta shinshina, ta ce wannan ba hatsi a cikinta. Da wannan baƙin cikin ta rasu.

Bayan rasuwarta Nomau ya musulunta, amma leda ba ta sake shi ba. Ni a lokacin ina nan Doha, ƙasar Qatar, ina tuƙa bas ɗin ma'aikata. Sai dabara ta zo mini: in jawo shi ƙasar da giya sai manyan otal da masu takardar izini, talaka ko ƙamshinta ba ya ji. Na yi ta faɗi-tashi har ya samu aikin gadi. Ranar da na ɗauko shi daga filin jirgi har wani ƙafafa nake yi, wai na yi wa shaiɗan wayo. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

A ɗakunan ma'aikata akwai wata aba da ake kira sadiki. Fara ce tas, a gorar ruwan sha ake ɗura ta, in an ajiye ta kusa da ruwa ba ka bambancewa. Ba wanda ya san mai haɗa ta, ba wanda ya san abin da aka zuba. Daga hannu sai hannu. Ni ban ma san Nomau ya gano ta ba, don ba ta da warin da zai tona shi.

Wata Juma'a, shekara biyu da suka wuce, muka haɗu a unguwar Asian Town bayan an sauko daga masallaci kamar yadda muka saba, muka zauna shan shayi. Na ga yana ta murza ido. Aka ajiye masa kofi, ya miƙa hannu ya kama iska a gefensa.

Na ce, "Kai ɗan Gwaggo, tsufa ne tun yanzu?"

Bai rama ba, kuma Nomau bai taɓa barin tsokana ta kwana ba. Ya ce, "Taubashi, kamar ta cikin hayaƙi nake ganin ka. Jiya mun sha abin nan ni da na ɗakinmu, shi tun safe yake amai."

Ban san lokacin da na ja shi zuwa tasi ba. A asibiti Allah ya haɗa mu da wani likita ɗan Zariya. Bai yi masa wa'azi ba, ya dai tambaye shi yaushe ya sha, nawa ya sha, ya ce guba ce irin wadda ke fara cin jijiyar ido, kuma a yi addu'a don ba ya iya yin alkawari. Aka shiga wanke masa jini. Na zauna a baranda ina jin tsoron da ban taɓa ji ba. Ni na kawo shi. Mai gadi da ido yake ci, in idon ya tafi sai a mayar da shi ƙauye a riƙe masa sanda, ga mata ga 'ya'ya uku.

A zaman nan ne na yi ta tunanin me Gwaggo za ta ce da ta ga zamanin nan. Ina jin ba otal ɗin da ake zuba jan ruwan inabi a kofin gilashi ne zai ba ta mamaki ba, ita ba ta damu da abin masu kuɗi ba. Abin da zai ɗaure mata kai shi ne a ce mutum ya sha abin da mai dafawar bai kurɓa a gabansa ba. Da ta tambaya: wace ce ta dafa, 'yar gidan wa ce, in an mutu wa za a je a kama? Ba mai amsa mata. Daga tukunya zuwa kwalba, daga kwalba zuwa leda, daga leda zuwa gorar ruwa, kullum abin sai ƙara ƙarfi yake yana ƙara ɓuya, har ya kai ba mai karɓe ƙwarya a hannun kowa.

Idon Nomau ya dawo a hankali. Na ɗakinsu, wani bawan Allah ɗan Nepal da aka kai asibiti a makare, nasa bai dawo ba, Nomau ne ya riƙe masa hannu har bakin motar da ta kai shi filin jirgi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kamfani ya ja wa Nomau kunne ya bar shi a bakin aiki. Tun daga ranar bai ƙara ba. Ba na rantsewa a kan gobe, amma yanzu in ya ji abin yana taso masa yakan kira ni ya faɗa da bakinsa, kuma wannan bai taɓa yi ba a da.

Tukwanen Gwaggo sun fashe, sana'arta ba wanda ya gada, ni kuma ban yi kukan hakan ba. Abin da ta bari a duniya ɗa ne guda, wanda ta mutu tana tsoron za a tsince shi a kwata. Makon jiya ni da Nomau muna zaune a kasuwar Souq Waqif da la'asar, ya ƙura mini ido, ya miƙo hannu ya tsinke wani gashi a bayan kunnena.

Ya ce, "Furfura ce, tsoho. Guda ɗaya tak, ta ɓuya, amma na gan ta."

Na buge hannunsa na ce ba shi da kunya. Gwaggo, ɗanki yana gani.