Allurar Baba

A zauren gidanmu da ke unguwar Limancin Kona a Zariya na koyi riƙe allura. Baba maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu, kuma cikin 'ya'yansa ni kaɗai na ɗauko hannunsa. Ni ne ɗan fari, don haka ko sunana ba ya kira, balle ya yabe ni. In na gama wuyan riga sai ya shafa da babban yatsa, ya yi shiru. Shirun nan shi ne yabon.

A sakandare wani malami ya zo mana da ƙwallo mai siffar ƙwai, wai zari-ruga ake ce wa wasan. Ka rungume ta ka ruga, ƙarti su kayar da kai su danne. Ni kuwa Allah ya ba ni ƙira. Ranar da na fara dawowa da yatsa a kumbure, Baba ya ce, "Kai, hannun nan fa ba naka ba ne kai kaɗai." Na ce to, a baki kawai.

Daga Zariya sai Legas, daga Legas wata ƙungiya a Turai ta ɗauke ni, lokacin da aka fara biyan 'yan wasa albashi. In yatsa ya goce a wasa, a ja shi ya koma, a naɗe da filasta, ka koma fili. Tun ina ƙirgawa har na daina. Wallahi ba daɗi nake ji ba, ba baƙin ciki ba. Aiki ne, ina yi.

Sai bayan shekara shida na waiwayi gida. Idon Baba ya yi rauni. Na tarar da shi a zaure da wata farar riga a cinya, aikin ya tsaya a rabi. An ce ya hana kowa taɓa ta, ni yake jira. Muna gama gaisawa ya miƙo mini allura da zare.

Na karɓa. Yatsana manuni ba ya lanƙwasuwa, babban yatsa ba ya jin komai. Allurar ta faɗi kan tabarma. Na lalubo ta, ta sake faɗuwa.

Baba ya kamo hannuna, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yadda yake shafa wuyan riga. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba.

Ya ninke rigar, ya soke allurar a hularsa.

"Shiga ka gaida uwarka," ya ce. "In za ka fita, ka miƙa wa maƙwabcinmu maɗinki rigar nan ya ƙarasa."