Ƙullin Inna Mai Tsumma

Da hantsi, idan rana ta leƙo ta taga ta kwanta a tsakar ɗakinta, Inna Mai Tsumma takan jawo tsohuwar jakarta ta zazzage. Ƙyallaye ne zalla: hannun riga, bakin zane, aljihun wando, wuyan rigar makaranta da ya sha wanki har ya gaji. Ta baje su a cinya, ta shafa wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta kai hanci. Daga nan sai allura da zare, har rana ta bar tagar. Haka take tun 'ya'yanta suna rarrafe, yau ga su da furfura. Jikoki ne suka laƙa mata Mai Tsumma don tsokana, ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu. Takan ce musu, "Tsumman nan da kuke rainawa, a cikinsa iyayenku suka yi fitsarin kwance."

Ba ta taɓa ɗinki don kasuwa ba. Zuri'arta take yi wa barguna na haɗe-haɗen ƙyalle, auduga a tsakiya, shafi a baya, duk da hannu. Tana da ƙa'ida kuma, wadda ba mai tanƙwara ta: sabon yadi ba ya shiga bargonta, sai ƙyallen tufar da wani na gida ya sa har ta tsufa a jikinsa. Duk inda ta gama haɗa ƙyalle ɗaya, sai ta yi ƙulli ta baya, ta ambaci mai tufar, ta yi masa addu'a, sannan ta ciji zaren. Shi ya sa in ka shafa bayan bargonta za ka ji ƙananan ƙulle-ƙulle birjik, kowanne da mai shi.

Ɗanta direban babbar mota ya san darajar wannan. Lokacin da ya yi haɗari ya kwanta a asibiti, ma'aikaciyar jinya ta yi ta fama da shi a kan ya karɓi bargon asibiti, ya ƙi. Gardi guda da gemu, ya rungume na uwarsa yana laluben ƙulli yana cewa, "Wannan nawa ne, wannan na Baba ne." Amma kada mai karatu ya ɗauka duk gidan haka suke. Maƙwabta sun ga ɗaya daga cikin bargunan nan an lulluɓe janareta da shi don kada ruwa ya taɓa shi. Aikin wata da watanni, ga shi yana shan baƙin mai! Da labarin ya kai wa Inna, cewa ta yi, "To, shi ma injin ɗan gida ne," ta ci gaba da ɗinkinta, amma ranar ba ta ci abincin kirki ba.

Ke ce mai haɗa kan dangi da zare, Inna. 'Yan'uwan da ba sa ga-maciji da juna, kin ɗinke rigunansu gefe da gefe, sun kwana a ƙarƙashin bargo ɗaya ba su sani ba.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko kafar allura ce ta ɓace mata, maƙwabciyarta ta riƙa shigowa da safe tana zura mata zare a allurai, tana soke su a jikin matashi. Daga baya launuka suka cuɗe. Ana cikin haka 'yar autarta, wadda ta daɗe da aure ba haihuwa, ta samu ciki. Inna ta ce wannan bargon shi ne na ƙarshe, kuma sai ta gama shi ko da lalube ne. Dalilinta ɗaya. Akwai wata shuɗiyar riga ta marigayi mijinta da take yankar kaɗan tana sa wa a kowane bargo, yanzu abin da ya rage bai wuce tafin hannu ba. Jaririn ba zai ga kakansa ba, don haka ta sa ƙyallen a tsakiya, daidai inda zai sauka a ƙirjinsa.

Ta gama, amma gaskiya ɗinkin ya karkace. Wasu ƙyallayen sun juya ciki waje, auduga tana leƙowa ta rata, ga ɗigon jini inda allura ta same ta. Babbar 'yarta, wadda duk gidan ke kira Yaya, ta gani ta juya kai tana share ido. Tausayi ya kama ta, kunyar 'yan barka ma ta kama ta. Ta ce, "Inna, kawo in kai a wanke miki." Ta wuce kai tsaye shagon telan bakin titi, ta ce ya gyara.

Tela ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya farke bargon gaba ɗaya, ya jera ƙyallayen, ya bi su da keke, layi ya miƙe sambal. Shuɗin ƙyallen tsakiya kuwa ya ruɓe, yana taɓa shi ya yage, sai ya jefar ya sa sabon yadi mai irin launinsa. Ba wanda ya gaya masa komai.

Aka kawo wa Inna, 'ya'ya da jikoki suka kewaye ta ana ta yaba kyau. Ta ɗora shi a cinya, ta juya bayansa, ta bi da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan. Sumul, ba ƙulli ko ɗaya. Ta juyo gaban, yatsunta suka nufi tsakiya, suka murza ƙyallen, suka sake murzawa.

"Ina Babanku?"

Yaya ta ce, "Ga shi nan a hannunki, Inna, shuɗin nan."

"Wannan bai taɓa shiga jikin mutum ba."

Yaya ta fita ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta tarar an daɗe da share shagon, shara kuma ta tafi. Telan da bakinsa yake ba da labarin nan, yana cewa da ya sani da ya karya allurar kekensa. Da Yaya ta dawo tana kuka, Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ninke bargon ta miƙa mata ta ce, "Ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka." Yaya ta ce gara a ce marinta ta yi.

Tun ranar jakar ƙyallayen ba ta sake buɗuwa ba. An haifi jaririn, yana kwana a cikin bargo mai kyau wanda babu addu'ar kowa a bayansa. Abin da ya fi ƙona rai shi ne, a cikin duk waɗanda Inna ta lulluɓe, ba a samu ko mutum ɗaya da ya zauna ya koyi ƙullin nan ba.

Mun gode, Inna, uwar masu jin sanyi. Ke ce kika ƙarar da idonki don mu yi barci, godiyarmu kuma ta zo a makare, ba za ta dawo miki da ko zare ɗaya na rigar nan ba.

Ku da kuke da irinta a gida, ku je ku zauna kusa da ita tun hannunta yana motsi, ku karɓi allurar, ku bari ɗinkinku ya karkace a gabanta. Inna dai tana nan da ranta, tana zama a bakin taga kowane hantsi, hannuwanta a cinya. Allurai uku da maƙwabciya ta zura wa zare suna nan soke a jikin matashi, har yau ba wanda ya zo ya ce, "Inna, nuna mini."